Ɗakin Tururin Inna

Nahualá, 3 ga Maris, 1994

Yaya Eusebio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Rosenda matarka. Farar ƙwayar farfaɗiyata ta ƙare a asibitin gari, sun canja mini wata rawaya. Da sai in yi wata biyu ban faɗi ba, makon nan sau huɗu. Inna ta ce sanyin haihuwa ne, kullum sai ta hura mini tuj, ɗakin tururin bayan gida. Ka nemo mini farar a birni.

Ƙanwarka,
Candelaria

Guatemala, 15 ga Maris

Cande 'yar rigima,

Muna lafiya, a gaida Inna. Mai kantin magani ya ce sai da takardar likita. Ya kuma ce zafi na iya tayar da ciwon. Ki daina shiga tuj, ki daina goya jaririyarki Marcelina kusa da murhu. Karanta wa tsohuwa wannan da ƙarfi, kin san ba ta jin abin da ba ta so.

Yayanki,
Eusebio

Nahualá, 29 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta mata. Ta ce, "Direban bas ya zama likita? A ɗakin nan na gasa jikina bayan na haife shi, ga shi da bakin magana."

Ban iya yi mata musu ba. Ranar Asabar na shiga, Marcelina a cinyata, don a ciki ake wa jarirai wanka. Ban san lokacin da abin ya zo ba. Inna ta fizge ta, amma ƙafarta ta riga ta taɓa duwatsun wuta. Yatsu biyu sun ƙone. Nawa hannun ma ya ƙone, amma ba abin magana ba ne.

Inna ba ta ci abinci ba tun ranar, kada ka yi mata faɗa. Roƙona ɗaya: Rosenda ta zo ta ɗauki yarinyar. Watanta biyar, za ta saba da kwalba.

Ka huta lafiya,
Candelaria

Nahualá, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ku. Na ji daɗi da ƙafar ke warkewa. Ga takardar likita a ciki. Ka ce za ku kawo Marcelina in gan ta ran Lahadi. Kada ku kawo. Na yanke cewa ba zan gan ta ba sai na yi wata uku cur ban faɗi ba. Yau kwana biyu.

Taku,
Candelaria