Kujerun Anti Sun Dawo Gida

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga nufin Ubangiji wanda ya ba da rai ya kuma karɓi abinsa, Majalisar Dattawan Ikilisiya, tare da Mai Girma Babban Fasto, da Kwamitin Hidimar Matasa, da Zumuntar Mata, suna sanar da 'yan'uwa masu bi, da maƙwabta, da abokan arziki na kusa da na nesa, cewa mun sami labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, Jagorar Hidimar Matasa ta wannan ikilisiya, wadda babba da yaro suka fi sani da Anti Mai Kujera. Ta yi barci cikin Ubangiji da hantsin ranar Litinin a asibiti, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da takwas. Ta bar maigidanta, Dattijonmu mai daraja, tsohon direban motar asibiti, da 'ya'ya uku, da jikoki biyar, da wasu 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, waɗanda ba mu san iyakarsu ba.

Marigayiya ta yi shekara ashirin da uku tana wannan hidima, kuma duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar ɗakin matasa da ƙarfe biyun ranar Asabar ya san yadda take farawa: ita ke buɗe tagogi, ita ke shara, ita ke tura tsohuwar fankar nan da sandar tsintsiya har ta yarda ta juya, sannan ta jera kujeru. Gaskiya ita ce ba ta cikin manyan masu wa'azi, muryarta a waƙa kuwa, Allah ya ba ta hutawa, shugaban mawaƙa ya sha roƙonta da ta tsaya a tafi kawai, ita kuma ta yi dariya ta ƙara ɗaga murya. Baiwarta tana wani wuri dabam. A ƙarƙashin kowace kujerar roba da ke ɗakin nan ta rubuta sunan matashi ɗaya da jan fenti. Idan mutum ya yi Asabar uku bai zo ba, ba ta aike, ba ta kira a waya, ba ta kai ƙara wurin iyaye. Ranar Litinin sai ta ɗauki kujerarsa a ka, ko ta rungume ta a bayan babur ɗin haya, ta kai masa har gida ko wurin sana'arsa, ta dire a gabansa, ta ce, "Ga kujerarka, ta dame ni da tambayarka. Kayan coci ce fa, ba tawa ba. Ranar Asabar ka dawo da ita da hannunka, kar ka kuskura ka aiko." Yawancinsu kunya ba ta barinsu su wuce mako guda. Wanda ya yi taurin kai kuwa ya ja wa kansa baƙuwa, domin za ta riƙa zuwa ta zauna a kan kujerar, ta tambaye shi ciniki da jarrabawa da ƙwallon da ba ta fahimta, ta yi masa addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba, ta tashi ta bar masa abarsa.

Ni da nake sa hannu a wannan saƙo, Sakataren Majalisa kuma mai kula da kayan ikilisiya, wajibi ne in shaida a gaban jama'a cewa ban taɓa jin daɗin wannan tsari ba. Sau uku na rubuta mata takardar tuhuma, sau ɗaya na sa aka kira ta gaban dattawa, na karanta musu adadin kujerun da suka ɓace cikin muryar da nake ji da ita. Ta saurare ni har na gama, sannan ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Sakatare, ka kwantar da hankalinka, kujerun nan ba ɓata suka yi ba, aiki suka fita." Dattawa suka tuntsire da dariya, ni kuwa na tattara takarduna ina huci. A ranar da ta rasu, kujeru goma sha biyu ne ke waje, wata ta yi shekara biyu, wata ta yi tara.

Ɗaya daga cikinsu ta 'yata ce ta fari, mai shagon ɗinki a bakin kasuwa. Shekara biyar da suka wuce, lokacin tana koyon sana'a kuma uwar ɗakinta ba ta sakinta da wuri ranar Asabar, aka dakatar da wasu daga ƙungiyar mawaƙa saboda makara. Ni na karanta sunayen a lokacin sanarwa, ranar Lahadi, majami'a cike. Da na zo kan nata, don in nuna ba na son kai, sai na ƙara da abin da ba a rubuta ba, na ce har da wadda na haifa, wadda ko ranar tashin matattu sai an jira ta. Jama'a suka yi dariya. Ta miƙe a tsakiyar mawaƙa, ta ajiye littafin waƙarta, ta fita, kuma tun daga ranar ba ta sake taka harabar nan ba, tsakanina da ita sai gaisuwar da ba a haɗa ido. Marigayiya ta kai mata kujerarta shago, kuma kowace Talata tana can zaune kusa da keken ɗinki, tana tsinke mata zare a bakin riguna. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Takan tare ni a ƙofar ofis ta ce, "Sakatare, waccan kujerar ba ni zan dawo da ita ba, kai ne." Ni kuma in ce mata muna da taro.

Abin da ya faru a wannan mako shi ya sa Majalisa ta ga bai kamata saƙon nan ya tsaya a gaisuwar ta'aziyya kaɗai ba, domin mun ga abin da ya fi ƙarfin bakinmu. Da safiyar Talata mai gadi ya kira ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ka zo ka gani da idonka, kujeru suna dawowa." Na iso na tarar da wani bakanike yana sauke tasa daga kan babur, ta yi baƙi ƙirin da man inji. Bayansa ga wata ma'aikaciyar jinya da farin kayanta, ba ta ko biya gida ba. Ga mai aski, ga wani da bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, wanda mahaifiyarsa ta ajiye masa tasa a ɗaki duk tsawon zamansa. Wata da ta yi aure a wani gari ta riƙe tata a cinya, tafiyar awa shida a mota. Wata kujerar ƙafarta ta karye, mai ita ya ɗinke ta da waya. Mun tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa ya shirya wannan, kowa ya ce shi dai ya ji labari, ya dubi kujerar, ya kasa barinta ta ƙara kwana. Babban Fasto ya tsaya a bakin ƙofa ya cire tabarau yana kallonsu. Mu da muke auna hidima da yawan taro da ƙarar lasifika, tsoron Allah ya kama mu, domin mun gane cewa shekara da shekaru Ubangiji yana aiki a garejoji da shaguna ta hannun mace ɗaya mai ɗauke da kujerar roba, mu kuwa muna rubuta mata takardar tuhuma. Kafin la'asar na ƙirga goma sha ɗaya, kuma ba sai an faɗa mini wadda ta rage ba.

Laraba ta wuce shiru. Da safiyar Alhamis 'yata ta shigo ɗakin matasa da tata, da matashin kujera mai kyau da ta ɗinka mata tun tuni don Anti ta riƙa jin daɗin zama a shago. Ta sa ta a layi, amma ta tsaya a bayanta. Na ce mata ga wuri, me take jira. Ta ce, "Baba, na yi wa Anti alkawari zan kawo ta. Amma na faɗa mata ba zan zauna ba sai wanda ya tashe ni ya ce in zauna, a inda ya tashe ni." Akwai mutane a ɗakin, girman kaina ya rinjaye ni, na tsaya ina jujjuya makullai a hannu har ta gaishe ni ta fita.

A madadin Majalisar Dattawa da dukan ikilisiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Dattijo, maigidan marigayiya, wanda ya yi shekara ashirin da uku yana cin abincin ranar Asabar da sanyinsa bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanta da jikokinta da suka yarda muka raba uwarsu da su, da dangi baki ɗaya. Ubangiji Yesu Almasihu, mai ta'azantar da masu makoki, ya share muku hawaye, ya ba ku ƙarfin zuciya da jimiri, ya riƙe gidan nan da hannunsa. Za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu, lokacin da ta saba buɗe ƙofa, kuma Majalisa ta janye takardun tuhuma ukun nan daga fayil ɗinta.

Za a karanta wannan saƙo ranar Lahadi a lokacin sanarwa, a daidai inda na tsaya shekara biyar da suka wuce, kuma da izinin dattawa na ƙara wannan, a rubuce, don kada bakina ya sake gardama. 'Yata, a gaban jama'ar nan na ci mutuncinki, a gabansu nake roƙonki gafara. Laifina ne, ba naki ba. Kujerarki tana nan cikin majami'a, a layi na biyu, kusa da taga. Ki zauna.

Sa hannu,
Sakataren Majalisar Dattawa kuma Kakakin Ikilisiya,
a madadin Mai Girma Babban Fasto da Kwamitin Hidimar Matasa.