Yaro Rabi, Tsoho Uku

Zuwa ga aminina Sule,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma miƙo mini za ka yi ka ce idonka ba ya gani, alhali bokon ne babu. Amma sai na rubuta, don haushinka nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka da wuri bana, gero har ya kusa gwiwa. Matarka Abu tana nan, ta rame dai. Ɗanka Nasiru ya dawo daga Kano ya karɓi gonar bakin rafi, ya kuma haɗa gero da gyaɗa yadda ya ga dama. Da ka gani da an ji ku.

Ka tuna lissafinka? Ranar kasuwar Ɗanbatta ka kawo shi, ka ce tunda yaro rabin ƙwaya ake ba shi, babba ɗaya, to mu da muka ba saba'in baya uku ce ta kamace mu. Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare ban ga inda maganar ta karkace ba. Kullum da safe sai ka watsa ƙwayar ciwon gwiwa uku, ka kora da koko, ka saɓi garma, wai kada a ce Sule ya gaza.

Sai da ƙafafunka suka kumbura, fitsari ya ɗauke, muka kai ka asibiti a Kano, sannan wata likita da ba ta wuce sa'ar jikata ba ta zaunar da ni. Ashe hanta da ƙoda su ke sarrafa magani su fitar da shi, kuma su ma tsufa suke yi. A jikin tsoho na jiya bai gama fita ba na yau zai tarar da shi, kamar kwatar da yashi ya cika. Ragi ake yi wa tsoho, Sule, ba ƙari ba. Ita wannan ƙwayar ma da kanta ƙodar take ci.

Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mana. Ta ce yana cikin takardar da ke kwalin. Wane kwali? Mu da ake ƙulla mana a leda? Na ce to a ba mu maganin da aka yi don tsofaffi. Ta ce sabon magani shekaru yake ci, a gwada shi a dabbobi, sai masu lafiya, sai marasa lafiya, amma tsoho mai ciwo biyu uku sau da yawa ba a sa shi, ana tsoron abin da zai faru. To wa ya fi mu shan magani a duniyar nan? A auna da jikin wasu, mu kuma mu haɗiya a ga yadda za ta kaya?

Akwai abin da ban gaya wa Abu ba. Ni nake sayo maka duk ranar kasuwa. Ranar da ka nuna mini ƙafarka kuma cewa na yi hutu ne ya yi maka yawa. Ka yafe mini. Ni ma ukun nake sha, kunya ta hana ni faɗa.

An auna ni, tawa ƙodar ma ta fara rauni. Likitar ta ce ko ɗaya kada in ƙara sha. Ga lokacin huɗa ya yi, gwiwar nan kuwa ba ta kai ni ƙarshen kunya guda in ba ƙwaya. Shekaranjiya na je har ƙofar kemis, na tsaya, na juyo ina ta zaginka a zuci.

Na kira masu shanun huɗa. Jibi za su shiga gonata, wadda tun rasuwar mahaifina ba wanda ya huɗe ta sai ni, ina zaune a tabarma ina kallo kamar baƙo. Da kana nan da ka cika gari da tsiya, ka ce Haruna ya zama mai gadin tabarma. Wallahi da na jure.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta.

Abokinka da ka bari,
Haruna