Ban da Ƙasan Akwati

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya su Yaya da yara? Ni lafiya lau nake. Idan kin ga rubutuna ya karkace, da hagu nake yi. Hannun dama ne ya ɗan ƙone, amma yana warkewa.

Mai ne ya kama wuta a kicin ɗin da nake aiki. Na ruɗe na watsa ruwa, yadda muka saba a gida, sai wutar ta yi tsalle har rufi. Babban kukunmu ya kashe gas, ya fizgo wani bargo daga bango ya lulluɓe kaskon. Nan take ta mutu.

Irin bargon ne na aiko miki, ba ya cin wuta. Na san halinki, Inna. Duk abin da na aiko sai ki ninke ki tura ƙasan akwati, wai sai an yi baƙi. Don Allah ban da wannan. A rataye shi bakin ƙofar kicin, inda hannunki zai kai. Idan mai ya kama, kada ki taɓa ruwa. Ki kare hannuwanki da bakin bargon, ki rufe tukunyar, ki bar ta ta huce.

Da ana ɗaure mini hannu, ba zafin nake ji ba. Ke nake gani gaban murhu ke kaɗai, da bokitin nan naki a gefe.

Allah ya sa ya tsufa a bango ba a taɓa shi ba.

Autanki