Ɗakin Ƙasa Mai Ruwan Goro

Zuwa ga maigidana, Alhaji Baban Rukayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙarar 'yarka na kawo maka, tunda kai kaɗai take jin nauyi.

Tun da na zame a matakalar ƙofar gida lokacin sanyin da ya wuce, Rukayya ta hana ni sakat. Wai gidan nan na McLeansville ya yi mini girma, maƙwabta sun yi nisa, in tattara in koma wurinta a Charlotte. Na ce ba inda za ni. Sai ta yi shiru, kai kuwa ka san shirun Rukayya ba na banza ba ne.

Ana nan sai ga kwali ta aiko: ɗan gidan 'yar tsana na katako, hawa biyu, an haɗa jikinsa, saura gyaran ɗakunan ciki. Wai in rage zaman kaɗaici, in na gama a ba jikarka. Ni da na yi wa amaren Greensboro jere ba iyaka, wannan ne zai gagare ni? Na liƙa wa falon takardar bango, na yanki gefen tsohon gyalena na yi labule, murfin kwalbar turare ya zama tukunya a kicin. Da hantsaki nake ɗaukar kujerun, gam duk ya ɓata mini farce.

Amma fa na lura da wani abu. In ta kira ni a bidiyo, ɗakunan sama ba ruwanta da su. Ɗakin ƙasa kawai, na kusa da banɗaki. Wane fenti nake so a ciki? Gadon taga zai fuskanta ko ƙofa? Ina za a shimfiɗa sallaya? Alhaji, 'yar tsana tana salla ne?

Sai na ɗana mata tarko. Da na fita sayen daddawa a titin Gate City da ke Greensboro, na biya na sayo fenti ruwan goro, irin mai kashe ido, launin da ka san ko a zani ba na ɗaurawa. Na shafe ɗakin tas, na ɗaga mata a waya, na ce duk duniya ba wanda ya kai shi kwantar mini da hankali.

Ran Lahadi mijinta ya leƙo wayar zai gaishe ni, ya ɗaga hannu. Ga fenti ruwan goro nan a gwiwar hannunsa, har da gemu. Rukayya ta yi wuf ta juya wayar tana kallon silin. Ashe jerena ake yi a Charlotte, ni nake zaɓen kayan ban sani ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. A gidan nan ka shuka yakuwa, maƙwabcinmu ya zo da injinsa zai taimaka ya yanke mana ciyawa, ya haɗa har da yakuwar ya yanke. A nan kake cewa, "Hajiya, shayin nan ya huce," alhali kai ka manta da shi. In na tafi can, ba kusurwar da zan duba in tuna ka.

Sai dai fushin ya ƙi zama. Yarinyar nan ta ga launin da idonta, na tabbata bai yi mata ba, amma ta sa aka shafe ɗaki guda a gidanta don uwarta ta ce tana so. Halinka ta ɗauko sak, ba ta iya lallashi da baki ba.

Ban nuna mata na gano ba. Ɗan gadon ɗakin yana hannuna, kullum sai in ɗiga masa gam, in tsaya har ya bushe ban manna shi ba. Na san ranar da na manna shi, na amsa mata ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata maka shi. Ni kuma Ya zaɓa mini inda zan ƙarasa, in kuma can ne, Ya ba ni zuciyar rufe ƙofar nan da hannuna.

Matarka,
Maman Rukayya