Ba da Malam Babaji Nake Ba

Maman Hajara,

Na wuce ofis, na makara. Gara ki ji daga bakina.

Bayan kin tafi kai Hajara asibiti, na ga littafin nan naki na soyayyar mayu bisa kujera, wanda nake maki dariya a kai. Na ce bari in duba shafi ɗaya. Har shayina ya huce ban sani ba. Da na iso inda saurayin, mai shekara ɗari uku, ya kama kurwar yarinyar don kar ta auri wani, raina ya ɓaci, na daka tsawa: "Sake ta, tsohon maye! Wallahi sai ka tsallake ta!"

Ashe maƙwabcinmu Malam Babaji na cikin zaure yana sallama, ya zo tambayar jikin Hajara. Ko da na fito, takalminshi ɗaya kawai na tarar. Na kira wayarshi sau huɗu, bai ɗauka ba.

Don Allah da kin dawo ki shiga wurin matarshi da littafin, ki nuna mata shafin da na naɗe, ki ba su haƙuri kafin maganar ta kai masallaci da azahar. Ki tafi da takalmin.

Amma kar ki bar mata littafin. Saura babi biyu ban gama ba, kuma har yanzu bai saki yarinyar mutane ba.

Salihu