Hoton Ƙirjina da Kuka Binne

Kaduna,
4 ga Afrilu, 1963.

Zuwa ga ƙanena Namadi, a Tambuwal.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Atu da yara kuna lafiya. Ni da sauƙi, tarin ne dai ke hana ni sakewa.

Bube ya iso asibiti jiya ba tare da hoton ƙirjina na bara da na aike shi ɗaukowa ba. Wai kun ɗaga shi ga rana, kuka ce ba a aje ƙasusuwan mutum cikin ɗaki, kuka binne shi bayan rumbu.

Namadi, mi ya same ka? Na'ura ce ta ɗauki hoto, haƙarƙarina suna jikina! Likita yana so ya gwada shi da sabon, ya ga ko tabon huhun ya ƙaru. In babu shi, sai na ƙara wata uku kan gadon da ba mai leƙo ni, damina ta faɗi ba ni gida.

Ka tono shi kafin ruwan fari, ka ba Bube ya kawo. Ka gaida Atu, Allah shi yi ma yara albarka. In ka tarar hoton ya lalace, kada ka rufe ramin, ka ƙara mishi tsawo.

Yayanka,
Sama'ilu.