Manhajar Ɗana Ta Ce Na Warke

Anti mai ba da shawara, ki taimake ni kafin in tsoma wayar nan cikin bokitin wanki.

Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma amosanin gaɓɓai ya kama mini yatsu da gwiwoyi. Da safe hannuwana kamar na aro suke. Maɓallin riga ya gagare ni, murfin kwalbar magani sai na sa haƙori. Babban ɗana, wanda ya yarda da waya fiye da idonsa, ya saka mini wata manhaja. Kullum da safe sai ta jero mini fuskoki, daga mai dariya har mai kuka, wai in danna wadda ta dace da ciwona, ita kuma ta aika masa rahoto. Tun daga nan ya ɗauke ƙafa. Me zai zo yi? Ai uwarsa tana cikin aljihunsa.

To ga wautar. Ranar da ciwon ya motsa, ko riƙe wayar ba na iyawa, balle in danna wata 'yar fuska mai girman ƙwayar wake. Sai ranar da na sami sauƙi nake dannawa. Manhajar ta tara murmushin nan, ta zana layi mai hawa sama, har da ba ni tauraro kamar 'yar aji ɗaya. Ni da na yi furfura cikin littattafai, yau abin da ba shi da gwiwa ke tafa mini.

Da muka je asibiti, yaron ya riga ni magana, ya miƙa wa likita wayarsa. Likita ya dubi layi, bai dubi hannuna ba, ya rage mini magani. Yanzu littafi mai kauri ba na iya ɗaga shi zuwa kan kantar littattafai, shugabanmu kuma ya fara yi mini zancen ritaya. In rasa aikina saboda zanen banza? Ko in goge manhajar, a ce tsohuwa ta ƙi zamani?

Uwar da waya ta warkar

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kina da gaskiya. Wanda ya ƙera wa mai ciwon yatsu abin da sai an danna da yatsa bai taɓa zama kusa da mai ciwon ba, likitan ma ya yi gaggawa. Amma ke fa? Wannan harshe naki mai kaifi, ina kika ajiye shi a gaban likita? Manhaja abin da aka ba ta take faɗa.

Ki koma asibiti ke kaɗai, da safe, lokacin da yatsun ke a sanƙare. Ki ɗora su kan teburin likita, ki gaya masa ranakun da babu komai a manhajar su ne mafi muni. Kada ki ƙara wa kanki magani. Ki karɓi takardar shaida daga wurinsa ki kai wa shugabanku, ki nemi aikin tebur. Manhajar kuma ki duba ko tana karɓar murya. In ba ta karɓa, goge ta ba laifi ba ne.

Ɗanki ba mugu ba ne, kulawa mai sauƙi ya samu ya rungume. Ranar da ciwon ya motsa, ki sa a kira shi. Ya ɓalla miki maɓalli, ya buɗe miki kwalba, sannan ki nuna masa wayar, ya zaɓi fuskar da kansa.

Allah ya ba ki lafiya, ya bar miki aikinki.